Ranar da Sanda Ya Ga Manja a Giyabos

Duk wanda ya zauna a unguwar Kpakungu ta Minna wajajen shekarar 1988 ya san garejin Sanda, a bakin hanyar Bida, ƙarƙashin wani mangwaro da baƙin mai ya kusa kashewa. Sanda bakanike ne, kuma ba zan rage masa ba, ya iya aikinsa. In ka kawo masa Fijo ko Datsun, sai ya ɗora bakin sukurdireba a kan inji, ya kafa kunne a ƙotarta, ya lumshe ido, ya gaya maka ciwon motar tun ba ka gama gaisuwa ba. Shi ya sa ake ce masa Sanda Kunne. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi: bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Ko labarin jirgin sama aka ɗauko, Sanda ya san abin da ke damunsa. Gara ya ƙirƙiro amsa a tsaye da a ce ya yi shiru a gaban mutane.

Ni, Garba, a lokacin ban daɗe da dawowa gida ba. Na yi shekaru ina yawo tsakanin Legas da Fatakwal, na dawo na tarar Minna ta yi mini ƙanƙanta. Zaman ɗaki ya gagare ni, sai na riƙa wuni a bencin garejin nan ina jin hira. Don haka mafi yawan abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Rekiya, fataucin doya take yi. Tana saro ta daga ƙauyukan wajen Gwada ta kawo gari. Lokacin da wani kamfanin Turawa masu aikin hanya ya tattara zai tafi, ta sayi tsohuwar a-kori-kura a gwanjonsu. Ƙatuwar mota ce ƙirar Amurka, kuma abin da ya sa mutane ke leƙa cikinta shi ne ba ta da kuloci. Birki ne da totur kawai. Ita ke sa wa kanta giya. Atomatik ake ce wa irinta, kuma a wancan zamanin ba ka cika ganinta a Minna ba.

Direbanta Ndanusa ne, wani Banufe ɗan Bida, mai 'ya'ya, marar yawan magana. Ya daɗe tare da ita. Shi kaɗai take turawa ƙauye ba tare da ta bi shi ba, kuma ko a tashar masu doya in ana lissafa direbobin da ba a jin kansu da kowa, sunansa na cikin na farko. Direba kuwa ba shi da wani jari da ya wuce wannan. In masu mota sun yarda da kai, kana da aiki. In sun daina, ko da lasin ɗinka a aljihu, zama za ka yi.

Wata safiya Ndanusa ya shigo garejin da motar, Gwaggo na zaune a gaba. Ya fito ya rusuna ya gaida Sanda.

"Oga, motan nan ba shi da lafiya," in ji shi da irin Hausarsa. "Da safe in na sa shi a giya, sai ya yi jira kafin ya tafi. In mun zo hawa kuma, inji yana kuka, mota ba ya ja. Kuma ina ganin ɗan ɗigo a ƙasa inda ya kwana."

"Ya isa, malam likita," in ji Sanda. "Buɗe bonet."

Ina kallonsa. Ya kafa sukurdirebarsa a nan, ya kafa a can. Ya shiga ƙarƙashin motar ya fito. Ya leƙa wajen direba, na ga idonsa na neman kuloci ya rasa. Kunnen nan da ake yabo bai ji komai da ya sani ba. Ga masu jiran aiki a benci, ga masu shayi, ga Gwaggo ta harɗe hannu tana jira. A nan ya kamata ya ce, "Hajiya, irin wannan ban taɓa buɗe ta ba, bari mu tambaya." Da ya faɗi haka, da babu wannan labarin.

Sai hannunsa ya kai ga wani dogon ƙarfen awon mai a can bayan inji, wanda ke shiga cikin giyabos. Ya zaro shi. Man da ke bakinsa ja ne jawur, siriri, yana sheƙi. Sanda ya tsaya. Man giyar da ya sani duk rayuwarsa mai kauri ne kamar zuma, mai duhu, mai wari. Ya shafa wannan a yatsa, ya murza, ya ɗaga shi a rana. Na ga fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓata.

"Innalillahi," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Hajiya, zo ki gani da idonki. Mary! Mary mai ƙosai! Zo ki ga man suyarki a cikin mota."

Mary ta taso daga bakin kaskonta tana goge hannu. Ta duba yatsan Sanda, ta sunsuna.

"Kala dai kalan manja ne," ta ce, "amma manja yana da ƙanshi, Oga."

"Zafin inji ya cinye ƙanshin. Ke dai koma ki juya ƙosanki." Ya juya ga Gwaggo. "Hajiya, ina bakin aikin nan tun kafin a yi jihar Neja, ban taɓa ganin man giya ja ba. An tsiyaye na kirki an sayar, an zuba miki manja. Ga siririnsa, ga kalarsa. To wa ke kwana da makullin motar nan?"

Ndanusa ya dubi Sanda, ya dubi Gwaggo.

"Hajiya, wallahi tun da muka sayo shi haka man yake. Ni ban taɓa buɗe wurin nan ba sai in duba."

"Ka ji," in ji Sanda yana dariya. "Ya sani ke nan. Yana dubawa, yana ganin manja, bai faɗa ba. Turawa ne za su zuba manja a mota? A garinsu miyar ganye suke yi?"

Aka kwashe da dariya. Har yau in na tuna dariyar nan sai kunya ta kama ni.

Gwaggo mace ce mai kirki, amma fushinta na riga tunaninta. Sai da suka koma tasha, a gaban direbobi da dillalai da masu lodi, ta miƙa hannu ta ce ya ba ta makullinta. Ta ce ta riƙe shi kamar ƙane, ashe ɓarawon mai take ciyarwa. Ndanusa ya rantse, ya sake rantsewa, ya ce a kawo Alƙur'ani. Ba wanda ya saurare shi, domin Sanda Kunne ne ya faɗa. Kafin la'asar yaran tasha sun raɗa masa suna Ndanusa Manja. Bayan haka duk mai motar da ya je wajensa neman aiki, sai a ce masa a dawo wani lokaci.

Shi kuwa Sanda ya kwance ƙasan giyabos ya tsiyaye jan man nan a tsohon bokiti, ya ɗura mai kaurin da ya saba zuba wa Fijo. Ya kuma koya wa Gwaggo wani darasi da ya ɗauka na burgewa ne. Ya nuna mata ƙarfen awon, ya ce, "Kowace safiya ki zaro wannan da hannunki. Ranar da kika ga ja, an cuce ki." Gwaggo ta riƙe wannan magana sosai.

Motar ta fita daga garejin tana nishi. Sabon direban da aka ɗauka ya ce kamar ana riƙe ta ta baya. Ba a jima ba ta fara warin ƙuna, ta daina shiga giyar sama, sannan ribas ya ɗauke. Wata rana a hawan Dutsen Kura inji ya yi ta ihu, mota ta tsaya cik, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Aka jawo ta gareji. Da Sanda ya buɗe ƙasan giyabos, sai ga baƙin ruwa mai ƙauri da ɓarɓashi kamar dusa.

"Kin gani?" ya ce wa Gwaggo. "Manjan nan ya riga ya ci cikinsa tun kafin ki kawo mini. Allah ya isa tsakaninki da mutumin nan. Sai dai a sake wani giyabos."

A duk Minna ba a samu irinsa ba. Sai a kasuwar Panteka ta Kaduna aka ji labarin wani mai kayan gwanjo, Silas, wanda ke sayen ɓaraguzan motocin kamfanoni. Gwaggo ta sayar da ɗan filinta na Maitumbi, ta tura Sanda da kansa ya je ya zaɓo, don kada a cuce ta.

Ranar da ya dawo ina wurin, na ma kama masa muka sauke kayan. Abin da na lura shi ne Sanda ya dawo ba surutu. Mutumin da in ya je Suleja sai ya yi mako yana ba da labari, ya je Kaduna ya dawo bai ce uffan ba. Tare da giyabos ɗin akwai kwali cike da gwangwanayen mai, a rufe, ba a fasa ba.

"Oga, waɗannan fa?" na tambaye shi.

"Na sitiyari ne," ya ce, ya ture kwalin da ƙafa zuwa cikin shagonsa ya ja ƙofa.

Ban san mota ba, ban sake tambaya ba.

Aikin ɗorawa kam ya yi shi da kyau, ba zan ci zalinsa ba. Ya ɗaga motar a kan gungumai, ya kwance farfelar da ke juya tayoyin baya, ya cire tiyon da ke kai mai wajen lagireto, ya sassauta kusoshi, muka tallabo tsohon da jak muka sauke. Tsakanin inji da giyabos akwai wani dunƙulallen ƙarfe mai nauyi kamar tukunyar da aka rufe bakinta, wanda ke yin aikin kuloci a irin wannan mota. Sanda ya juya shi a hankali har ya zauna daram, sannan aka ɗaga sabon aka ɗaure. Hannunsa ya san ƙarfe. Amma da aka zo zuba mai, sai ya ce rana ta yi, kowa ya tafi salla, zai ƙarasa shi kaɗai.

Washegari Gwaggo ta zo. Abu na farko da ta yi shi ne ta zaro ƙarfen awo. Man baƙi ne wuluk.

"Yawwa," ta ce. "Yanzu na ga man giya."

Motar ta tashi, ta shiga giya, ta tafi sumul. Sanda ya sha yabo a ranar, amma na ga bai yi murna yadda ya saba ba.

Daɗin bai daɗe ba. Ana tsakiyar kakar doya, mota ɗauke da kaya a hanyar Gwada, ta fara fizga, tana shiga giya da ƙarfi kamar an buge ta, daga nan ta saki gaba ɗaya. Doya ta wuni a rana kafin a samu wata motar ta kwashe.

"Ɗan Pantekan nan ne ya sayar mana da matacce," in ji Sanda. "Ki bari in mayar masa da kaina."

"A'a," in ji Gwaggo. "Wannan karon ni zan je. Ina so in ga idon mutumin da ya ci filina. Sauke mini shi. Garba, kai za ka raka ni."

Sanda ya yi ta kawo dalilai, hanya ba kyau, 'yan Panteka ba su da kunya, mace ba za ta iya da su ba. Gwaggo ba ta ji. Da ya ga ba makawa, ya sauke giyabos ɗin, ya tsiyaye shi, ya wanke cikinsa da fetur tas. Ya ce wai don kada ya ɓata mana kaya a mota. Ranar tafiya kuma aka aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi.

Silas gajeren mutum ne mai faɗa, ba ya jiran a gama magana. Gwaggo ta fara zazzaga masa, shi ma ya taso.

"Mama, tsaya! Ni ban sayar da mataccen kaya ba. A gaban bakanikenki na cire shi daga motar da ke tafiya. Wane mai kuka zuba?"

"Man giya mana. Baƙi, mai kyau. Da idona na duba."

"Baƙi?" Silas ya dafe kai. "Ina jan man da na ba shi? Kwali guda na haɗa masa!"

"Wane jan mai?"

Ya shiga shago ya fito da gwangwani irin waɗanda na gani a Minna, a rufe. Ya miƙa mata ya ce ta duba ko an taɓa fasa shi. Sannan ya huda shi da ƙusa a gabanta, ya tsiyaya a murfin kwano. Ja jawur, siriri, yana sheƙi.

Gwaggo ta zauna a kan wata tsohuwar taya ba tare da ta duba ko da datti ba.

"Wannan ai manja ne," ta ce a hankali.

"Haka bakanikenki ma ya ce, na yi masa dariya har na gaji. Mama, irin wannan giya da mai take aiki, kamar jini a jiki. Mai ne ke bi ta ƙananan hanyoyi yana tura giya. Dole ya zama siriri, kuma masu yin sa ne ke rina shi ja don kada a haɗa shi da wani. In kin ga ja mai haske, giyabos lafiya lau yake. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya ƙone. Na gaya masa duk wannan. Na ce ya wanke tiyo, kada wani mai ya taɓa shi ko cokali ɗaya."

Ya buɗe ƙasan giyabos ya ga an wanke. Ya yi tsaki. Sai ya zare dunƙulallen ƙarfen nan mai kamar tukunya, ya ce mai na maƙalewa a cikinsa, wanki ba ya kai wa can. Ya kifa shi a kan farar takarda. Abin da ya zubo baƙi ne mai tsakuwa-tsakuwa, amma da takardar ta tsotse shi, sai gefensa ya fito ja.

"Kin gani? Ya zuba nawa, sannan ya bi shi da tsohon baƙin man inji, wanda aka tsiyaye daga wata motar. Dattinsa ya toshe hanyoyin. Abin da ban gane ba, don me mutum mai hankali zai yi haka?"

Ni da Gwaggo mun gane. Sanda ya ji gaskiya a Kaduna. Ya san in ya zuba mai kauri, zai sake kashe giyabos nan take. Ya kuma san in ya bar shi ja, Gwaggo za ta zaro ƙarfen awo da safe, kamar yadda shi ya koya mata, ta ga abin da aka kori Ndanusa a kansa. Sai ya rina man don ya rufa wa kansa asiri. Ya dawo daga Kaduna da maganar da za ta wanke mutum, ya wuce ta tashar da mutumin ke zaune ba aiki, ya haɗiye ta.

Gwaggo ta ba Silas labarin ciwon farko, jinkirin safe da ɗigon ƙasa.

"Mai ne ya yi ƙasa," ya ce. "A ɗaure inda ke yoyo, a ƙara mai. Aikin da ba ya kai shan shayi."

Muka iso Minna. Ba ta je gida ba, ba ta je gareji ba. Ta ce in kai ta inda Ndanusa yake. Muka same shi a bayan kasuwa yana dakon buhunan gawayi, ya rame, wuyansa duk baƙi. Da ya gan ta ya sauke buhun ya gaishe ta kamar yadda ya saba.

"Ndanusa, na zalunce ka," ta ce. "Ka yafe mini. Ka dawo, in an gyara motar makullinka ne."

"Na yafe, Hajiya. Amma ba a nan kin ce ni ɓarawo ne ba. A tasha kin faɗa. Yarana a makaranta ana kiransu 'ya'yan Manja. In za ki cire, sai ki cire a inda kin sa."

Washegari da hantsi, lokacin da tasha ta fi cika, Gwaggo ta hau kan bencin dillalai da gwangwanaye biyu da Silas ya ba ta a hannu, fasasshe da sabo. Ta kira shugaban direbobi ya huda sabon da kansa. Ta faɗi komai daga farko, ba ta rage laifinta ba, ba ta kuma ɓoye sunan Sanda ba. Wasu direbobi suka ɗunguma zuwa garejin, suka tarar da shi garau yana cin ƙosai. A bayan shagonsa, ƙarƙashin tsofaffin tayoyi, suka tono gwangwanayen da ya fasa.

Ko a nan bai ce ya yi kuskure ba. Ya ce Silas maƙaryaci ne, ya ce Hajiya ta ruɗe, ya ce hassada ce. Shugaban direbobi ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Sanda, rashin sanin mota ba laifi ba ne, kowa na da abin da bai sani ba. Amma ka san gaskiya kana kallon yaron nan yana dakon gawayi. Ni motata ba ta sake shigowa nan." Ya tofar da yawu ya juya, sauran suka bi shi.

Haka garejin ya mutu, ba da faɗa ba. Masu Fijo da Datsun, waɗanda bai taɓa ɓata wa aiki ba, su ma suka janye, domin kowa ya fara tunanin wace amsa ce Sanda ya sani, wace ce ya ƙirƙira. Kafin damina ta zagayo ya kwashe kayan aikinsa ya bar Kpakungu. Ndanusa ya samu mota a wajen wani Alhaji mai hatsi. Bai koma wajen Gwaggo ba, ko da yake suna gaisawa. Ita kuma a-kori-kurar ba ta sake hawa titi ba. Gwaggo ta koma biyan haya a motocin mutane tana bin doyarta a baya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, "ban sani ba" magana ce gajera, kuma ba ta rage wa gwani komai. Wanda ya ƙi faɗinta dole ya cike gurbinta da ƙarya, ƙaryar kuma sai ta sauka a kan wani wanda bai ji ba bai gani ba. In ka yi kuskure har gaskiya ta same ka daga baya, ka faɗe ta a ranar, tun kana da ikon gyarawa da bakinka. Kai kuma da ake kawo wa zargi, komai girman wanda ya kawo shi, kada ka zubar da mutuncin mutum a bainar jama'a sai ka bincika, domin neman gafara ba ya mayar wa mutum duk abin da ya rasa.